Yadda Na Bi da Labarin da Na Ƙaga a Kan Black Panther Har Ya Kai Maɗaba'a

Tun da na fara sakin labarin da na ƙaga a kan Black Panther a intanet, matasa da dama sun rubuto mini da tambaya iri ɗaya. Su ma suna da labarin da suka tsara a kan Spider-Man ko Batman ko wani jarumin littattafan zane na Amurka, kuma suna son su san inda za su aika da shi, da wanda zai biya su, da ko ya halatta su buga shi su sayar. Na daɗe ina ba kowa amsa a taƙaice, alhali amsar ba gajera ba ce, domin ni kaina sai da na zaga wurare da yawa kafin na fahimci yadda lamarin yake. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na bi ta kansa a jere, da abin da aka nema a hannuna a kowane mataki, da abin da na kashe, don wanda ya biyo bayana ya san hanyar da yake kai tun kafin ya zuba kuɗinsa da lokacinsa.

Na fara rubutun ne a ƙarshen 2020, bayan mutuwar Chadwick Boseman, ɗan wasan da ya fito a matsayin Black Panther a fim, a watan Agusta na shekarar. Fim ɗin 2018 ne ya fara jan hankalina, amma mutuwar jarumin ce ta sa na koma ga littattafan da kansu, tun daga fitowar T'Challa, wato Black Panther, ta farko a 1966 cikin mujallar Fantastic Four mai lamba 52, aikin Stan Lee da Jack Kirby, zuwa zamanin Christopher Priest wanda ya shigo da dakarun mata na Dora Milaje a 1998, har zuwa jerin da Ta-Nehisi Coates ya fara a 2016. Abubuwa biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko shi ne bibraniyom, ƙarfen da arzikin Wakanda, ƙagaggiyar ƙasar da T'Challa ke sarauta, ya dogara a kansa, mai shanye sauti da girgiza, tare da Klaw, mugun da ya kashe T'Chaka mahaifin T'Challa a littattafan, daga baya kuma jikin Klaw ɗin ya rikiɗe ya zama sauti tsantsa. Na biyu shi ne yadda Wakanda ta rufe ƙofarta shekaru aru-aru tana kallon abin da ake yi wa maƙwabtanta ba ta ce uffan ba. Da na lura cewa galibi a gabashin Afirka ake sanya ƙasar, sai na tuna da kakanninmu da suke tafiya Makka a ƙasa ta Borno da Wadai da Darfur, wasu su yi shekaru a hanya, wasu kuma su yi zamansu a Sudan ke nan.

Daga nan labarin ya fito, kashi uku. A kashi na farko, wani maƙeri Bakano da ke cikin ayarin alhazai a ƙarni na 19 ya ɓace hanya, zazzaɓi ya kayar da shi a bakin iyakar Wakanda, masu gadin iyaka suka yi jinyarsa. Da ya warke ya gyara musu wani makami da ya karye, sai shugabansu ya ba shi ɗan guntun bibraniyom wanda bai fi ƙwallon dabino ba. Bayan shekaru ya dawo gida ya ƙera bakin kakaki da shi, kakakin da idan aka busa shi yakan zuƙe duk wani sauti da ke wurin, gari ya yi tsit, sannan ya saki abin da ya zuƙa a lokaci guda. A zamaninmu aka ciro kakakin daga ajiya aka busa shi a hawan salla, na'urorin Shuri, ƙanwar T'Challa, suka ji shi daga Wakanda, Klaw ma ya ji, kuma wadda alhakin kare shi ya faɗa kanta ita ce jikanyar jikan maƙerin, yarinyar da ke karatun injiniya wadda gidansu ba su taɓa barin mace ta zauna a maƙera ba.

Kashi na biyu shi ne wanda na fi so, kuma babu faɗa a cikinsa ko sau ɗaya. T'Challa da kansa ya zo karɓar ƙarfen, domin dokar ƙasarsa ba ta yarda ko ƙwayarsa ta zauna a waje ba. Aka yi masa iso zuwa zauren gidan, aka shimfiɗa masa tabarma, kakar yarinyar ta fito ta ce masa a garin nan ba a karɓe kyauta daga hannun jikoki. Sannan ta tambaye shi ina kakanninsa suke a watan Fabrairu na 1903, ranar da bindigogin Turawa suka fasa ganuwar Kano, tun da suna da abin da zai iya tare su. Fitowa guda cur na ba wannan hira, sarki yana zaune yana neman amsar da za ta gamsar da tsohuwa bai samu ba. Kashi na uku kuwa na gina shi a kan salon mujallar What If da Marvel, kamfanin da ke da Black Panther, ta fara a 1977, mai tambayar abin da zai faru da tarihi ya ɗauki wata hanya, inda na bi diddigin yadda Afirka za ta kasance da Wakanda ta buɗe ƙofa tun a wancan lokaci.

Tsara labarin yadda ake rubuta littafin zane ya ci mini lokaci fiye da ƙago shi. Fitowa ɗaya ta irin waɗannan mujallu takan ɗauki shafi 20 zuwa 22, kuma marubuci yakan bi shafi bayan shafi yana faɗin akwatin zane nawa ne a kowanne, da abin da za a gani a ciki, da maganar da za ta shiga kumfar kowane mai magana. Akwati biyar ko shida a shafi ya wadatar, kuma abin mamaki ana ajiye shi ne a shafin da mai karatu zai tarar bayan ya juya takarda. Na rubuta komai da Hausa, sannan na sake rubuta fitowa ta farko da Turanci, domin a lokacin niyyata ita ce in aika wa Marvel.

A farkon 2023, bayan fim na biyu ya fito a watan Nuwamba na 2022, na haɗa takarduna: taƙaitaccen labarin a shafi ɗaya, cikakken rubutun fitowa ta farko, da wasiƙar gabatar da kai. Na shiga shafin kamfanin ina neman adireshin editoci, sai na tarar da sanarwa a fili cewa Marvel ba ta karɓa kuma ba ta duba wani ra'ayi ko zane ko rubutu da ba ita ta nema ba. Na duba wajen DC, masu Batman da Superman, na tarar da matsayi iri ɗaya. Jikina ya yi sanyi ƙwarai a ranar, domin na riga na karanta labarai biyu da suka cika ni da fata. A 1982 wani mai karatu, Randy Schueller, ya aika da shawarar a sa wa Spider-Man baƙar riga, babban editan Marvel na lokacin Jim Shooter ya sayi shawarar a kan dala 220, rigar kuma ta fito a 1984. Shi kansa Shooter yana ɗan shekara 14 DC ta fara buga labaran da ya aika mata a 1966. Duk wannan ya faru da gaske, amma a wani zamani ne daban. Yanzu Marvel mallakar Disney ce tun 2009, a cinikin da ya kai kimanin dala biliyan 4, kuma idan edita ya karanta labarin wani baƙo sannan wani abu mai kama da shi ya fito a mujalla ko fim, kamfanin zai iya samun kansa a kotu. Rashin karantawa tun farko shi ne kariyarsu, kuma da na natsu na ga hujjar tana da ƙarfi. Waɗanda ake gayyata su rubuta wa Marvel mutane ne da suka riga suka yi suna da aikin kansu. Coates sanannen marubuci ne kafin a kira shi, haka ma Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta ci manyan lambobin yabo da littattafanta kafin ta rubuta wa Marvel labarin wata yarinyar Legas mai suna Ngozi a 2017 da jerin Shuri a 2018. A wannan tsakanin ne wani ya turo mini saƙo yana cewa shi wakili ne, zai miƙa rubutuna ga editocin kamfanin idan na biya shi da dala. Ban biya ba, kuma ina roƙon kowa kada ya biya, domin ƙofar da masu gida suka ce a rufe take babu ɗan tsakiyar da zai buɗe ta da kuɗinka.

Da wannan hanya ta toshe, sai na juya ga wuraren da masu sha'awa ke zuba labaran da suka rubuta da jaruman aro. Na mayar da rubutun zube, domin tsarin shafi da akwati ba ya yi wa mai karatu daɗi idan babu zane. Wattpad, wanda aka kafa a Kanada a 2006 kuma marubutan Hausa suka daɗe da sanin sa, bai ba ni wahala ba: imel da suna kawai ya nema, a take na buɗe asusu ba tare da biyan ko sisi ba. Archive of Our Own kuwa, wanda ake kira AO3, sai an gayyace ka. Wata ƙungiya ce ta masu sa kai da aka kafa a 2007 take gudanar da shi, an buɗe shi ga jama'a a 2009, ya kuma ci lambar yabo ta Hugo, wadda ake bayarwa a fagen ƙagaggun labaran kimiyya da na al'ajabi, a 2019. Za ka sa imel ɗinka a layin masu jira, shafin ya nuna maka matsayinka a layi, bayan 'yan kwanaki gayyata ta iso, kuma yana da kyau a riƙa leƙa akwatin saƙonnin da imel ke warewa gefe don kada ta wuce. Wajen ɗora labari akwai guraben da sai an cike: shekarun da labarin ya dace da su, gargaɗi idan akwai zubar da jini ko mutuwar babban jarumi, sunan ainihin aikin da aka aro, da harshe. Dokarsu mai tsauri ɗaya ce da ya kamata kowa ya riƙe, wato ba a neman kuɗi a shafin ko kaɗan, ba a sa lambar asusun banki, ba a kuma tura mai karatu wani wuri don ya biya. A saman kowane babi na rubuta cewa T'Challa da Shuri da Klaw da Wakanda na Marvel ne, ni kuma ba na samun komai daga labarin.

A nan na fara jin daɗin aikin. Masu karatu ba su da yawa, amma masu zurfin sani ne. Wani da ya taso a gidan mabusan fada ya rubuto mini dogon bayani cewa kakaki gaɓa-gaɓa ne ake harhaɗawa, kuma ba kasafai ake busa shi shi kaɗai ba, wannan bayani ya ba ni babi guda a kan yadda aka raba gaɓoɓin a gidaje daban-daban don a ɓoye shi. Wata mai karatu daga Sudan, jikar irin alhazan da na ambata, ta ce kakarta ta sha ba ta labarin tafiyar. Daga cikin waɗannan mutane ne aka fara kiraye-kirayen in sa a zana labarin in buga, za su saya.

Na sami mai zane, matashi da ya karanta fasahar zane a jami'a, na kuma je wata maɗaba'a na karɓi ƙiyasin kuɗi. Kafin a fara aiki yayana ya ce lallai in ga wani abokinsa lauya tukuna. Na je ofishinsa da rubutun da zanen gwaji guda biyu, ya duba su a nitse, ya sa yatsa a kan hoton T'Challa ya ce, “Ƙanena, wannan mutumin naka ne?” Na ce, “A'a, Barista, amma labarin nawa ne daga farko har ƙarshe, kuma na rubuta a kai cewa jaruman na Marvel ne.” Ya ce, “Faɗin sunan mai kaya ba izini ba ne. Kayan aro ba ya rufe katara.” Sannan ya warware mini zancen dalla-dalla. Haƙƙin ɗaukar jarumi a gina sabon labari a kansa na mai jarumin ne, kuma Najeriya da Amurka duk suna cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe, saboda haka dokar haƙƙin mallakarmu ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare aikin Marvel a Kano kamar yadda take kare nawa. Bayan haka sunayen jaruman da tambarinsu alamun kasuwanci ne masu rajista. Dokar Amurka tana da sassauci ga amfani da aikin wani ta hanyar da ta dace, amma kotu ce take auna hakan, kuma cikin abubuwan da take dubawa akwai ko an yi don kuɗi ne da ko zai taɓa kasuwar mai abin. Ya ce kamfanoni sukan kau da kai daga labarin da aka saki kyauta, amma da zarar an sa masa farashi an shiga wani hali daban, kuma maɗaba'a za ta iya buga maka ba tare da ta tambaye ka komai ba, alhakin yana wuyanka. Abin da ya faranta mini rai a zaman shi ne da ya ce doka ba ta kare ra'ayi tsurarsa, tana kare yadda aka fito da shi ne, don haka maƙerin da kakakin da yarinyar da kakarta nawa ne halak malak.

Na koma gida da jan biro. Irin wannan sauyi yana da tarihi a sana'ar: Alan Moore ya fara tsara Watchmen ne da jaruman kamfanin Charlton da DC ta saya, aka ce ya ƙirƙiri nasa, littafin ya fito a 1986 da sababbin jarumai. Sauya suna kawai ba ya isa, domin idan ka bar ɓoyayyar masarauta mai ƙarfen da ya faɗo daga sama da sarki mai baƙar rigar damisa, kowa zai gane daga ina ka ɗauko. Na cire Wakanda gaba ɗaya. Ƙarfen ya koma tamar dutsen Dala, inda tarihin Kano ya nuna maƙera sun zauna tun farkon kafuwar gari, ƙarfinsa kuma ya koma ga wata tsohuwar dabarar narka tama da gida ɗaya kaɗai ya sani. Mai farautar kakakin ya zama dillalin kayan tarihi da ke fitar da su ƙasashen waje. Na sa wa littafin suna 'Yar Maƙera. Akwai sauƙin da na samu a nan wanda ban yi tsammani ba, domin ƙarfin Black Panther a littattafan yana da alaƙa da abar bautar Wakanda mai suna Bast, kuma tun farko nake ta kewaye wannan ɓangare don kada in sa jarumata Musulma a inda bai dace ba. Akwai kuma asarar da ta yi mini ciwo. Tambayar da tsohuwa ta yi wa T'Challa ba ta da ma'ana idan ba shi ne a zaune a kan tabarmar ba, domin nauyinta ya rataya ne a kan shekarun da masu karatu suka yi suna girmama Wakanda. Na bar wannan kashi a inda yake a intanet, kyauta, ban taɓa shi ba.

Lauyan ya rubuta mana yarjejeniya da mai zane, na biya shi ladan naira 20,000, kuma ya jaddada cewa biyan kuɗin aiki ba ya mayar da haƙƙin zane hannun wanda ya biya, sai an rubuta an sa hannu. Takardar shafi biyu ce. Ta ƙunshi kuɗin kowane shafi, naira 10,000 na baƙi da fari, da naira 25,000 na bango mai launi, da biya kashi uku, da adadin gyaran da zan iya nema a shafi, da abin da zai faru idan ɗayanmu ya janye. Na san labarin Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka sayar da Superman a 1938 a kan dala 130 suka yi shekaru suna neman haƙƙinsu, kuma ban so in fara sana'ar da irin wannan ciniki ba. Saboda haka sunan mai zanen yana bango daidai da nawa, yana kuma da kashi 30 cikin 100 na duk ribar da za a samu.

Zanen ya bi matakai uku, wato zayyanar fensir don a ga tsarin shafi, cikakken zane, sannan tawada. A zayyanar farko maƙerar ta fito irin ta littattafan Turawa, da dogon teburi da mutum a tsaye. Na ɗauke shi muka je maƙerar cikin gari muka nemi izini muka zauna. Ya ga maƙeri a zaune a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, uwar maƙera a kafe a gabansa, awartaki a hannun hagu, masaba a dama, wani yaro a gefe yana danna zugazugi hannu bayan hannu, gawayi yana yin ja yana lafawa daidai da motsin hannunsa. Ya cika shafuka da zane a wurin, kuma wannan yaron ya shiga littafin a matsayin ƙanen jarumar. Matsala ta biyu ta haruffa ce. Maganar littafin zane da manyan baƙaƙe ake rubuta ta, kuma nau'in harafin da muka zaɓa ba shi da Ɓ da Ɗ da Ƙ, duk inda suka zo sai kwamfuta ta bar ɗan akwati fanko. Mai zanen ya zana haruffan uku da hannu ya riƙa dasa su ɗaya bayan ɗaya. Wanda zai yi irin wannan aiki ya gwada haruffan nan tun ranar farko, kafin a cika kumfa ko ɗaya.

Da aka kammala shafi 24 na shiga neman takardu. Haƙƙin mallaka yana tabbata ne tun daga lokacin da aka rubuta ko aka zana abu, kuma a Najeriya yana ɗorewa har shekara 70 bayan mutuwar marubuci, don haka rajista ba dole ba ce, amma shaida ce mai amfani ranar da aka yi gardama. Na yi ta a shafin intanet na Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya: na buɗe asusu, na cike sunan aiki da nau'insa da shekarar da aka yi shi da sunayen masu shi, na ɗora kwafi, na biya kuɗin da aka ƙayyade, na ajiye rasit, takardar shaida ta fito bayan wasu makonni. A nan ne amfanin yarjejeniyar ya bayyana, domin gurbin mai aiki daban ne da gurbin mai haƙƙi, kuma ban yi inda-inda wajen cike su ba. Lambar ISBN kuwa, wato lambar shaida da ake ba littafi, Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita. Na kai wasiƙar nema da shafin suna da bangon littafin da katin shaida, aka kuma tambaye ni ko littafi ne guda ko mujalla mai fitowa a kai a kai, domin mujalla ISSN ake ba ta. Na zaɓi ISBN tun da kowace fitowa tawa labari ne cikakke. Aka tuna mini cewa doka ta wajabta wa mai buga littafi da kansa ya kai kwafi 3 ajiya bayan an buga. Wanda zai sayar a Kano ya tuntuɓi Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar tun da wuri, domin aikinta ya haɗa da littattafai.

A maɗaba'a na koyi cewa littafin da za a maƙale a tsakiya dole adadin shafukansa ya rabu gida huɗu, cewa zane ya kasance mai ƙarfin ɗigo 300 a inci, kuma launin da ake gani a allon kwamfuta ba shi ne tawada ke fitarwa ba. Samfurin farko ya fito da gefen wasu kumfofi a yanke, saboda sun matso bakin takarda, sai da aka ja su ciki aka sake. Kada a yarda a buga da yawa sai an riƙe samfuri a hannu an karanta shi daga bango zuwa bango. Farashin takarda ya yi ta hawa tun bayan faɗuwar darajar naira a tsakiyar 2023, don haka ƙiyasin da aka ba ni da farko bai yi aiki ba lokacin da na dawo a 2024. Kwafi 500 sun tashi naira 350,000. Idan aka haɗa da zane da bango da lauya, na kashe naira 635,000 ban da kuɗin rajista, wato kowane kwafi ya tsaya mini kusan naira 1,300, ina kuma sayar da shi 1,500. Har yanzu ban mayar da uwar kuɗi ba.

Abin da nake faɗa wa masu tambayata yanzu shi ne su yanke shawara tun kafin su rubuta shafi na farko. Idan Spider-Man ko T'Challa ne a zuciyarka, ka rubuta shi da dukkan ƙwarewarka ka sake shi kyauta, domin a nan za ka koyi gina labari a gaban masu karatun da suka san jarumin ciki da waje, kuma ba za su bar ka ka sa shi ya yi abin da ba halinsa ba ne. Ban ɗauki shekarun da na yi a kan labarin Wakanda a matsayin ɓata lokaci ba, da su na koyi aikin. Idan kuwa bugawa da sayarwa kake so, ka ƙirƙiri naka jarumin, ka ga lauya kafin ka ga mai zane, ka ga mai zane kafin ka karɓi ƙiyasin maɗaba'a. 'Yan Najeriyar da suka yi nisa a wannan fage da nasu jaruman suka yi. Jide Martin ya kafa Comic Republic a Legas a 2013, Roye Okupe kuma ya gina Malika a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, har kamfanin Dark Horse na Amurka ya ƙulla yarjejeniyar buga littattafansa a 2021. Akwai kuma taron masu littattafan zane da ake yi a Legas tun 2012, inda mutum zai iya kai aikinsa a gani.

Rubutun fitowa ta biyu ta 'Yar Maƙera ya kammala, amma ba za mu fara zane ba sai kuɗin rabin shafukan sun taru a hannu, kuma a wannan karo za mu fara sakin ta a waya kafin mu je maɗaba'a, don mu san adadin kwafin da ya dace a buga. Masu rubuto mini suna neman sayen labarin T'Challa da tsohuwa kuwa, ina tura musu adireshin inda yake su karanta, ina kuma gaya musu cewa ba na sayarwa ba ne.